Tambayoyin da aka fi yi min kan tsofaffin fina-finai da gidajen silima na da

Tunda mutane suka gane ni mayen tsofaffin fina-finai ne, ba na zama a majalisa ko wajen ɗaurin aure ba a jefo min tambaya ba, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na ce bari in tattara su waje guda in amsa, wanda ya sake tambayata in turo shi nan in huta. Wasu amsoshin tarihi ne, wasu kuma ra'ayina ne kawai, in ba ka yarda ba ai ba faɗa.

Wai duk fim ɗin da ya tsufa shi ke nan ya zama fim mai daraja?

Ina! Tsufa daban, daraja daban. Akwai fina-finan da aka yi shekara 50 da suka wuce waɗanda tun a lokacin shirme ne, kuma shekaru ba su ƙara musu komai ba sai ƙura. Ni gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in ka san ƙarshen labarin tsaf amma duk da haka ka zauna ka sake kallo har gabanka ya faɗi a inda ya faɗi karon farko, to wannan fim ne. Ɗauki Mother India na 1957 wanda Mehboob Khan ya ba da umarni. Babu wanda ya tashi a gidan da ake kallon Indiya da bai san uwar nan Radha za ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta Birju da hannunta ba, saboda ya sato 'yar mai ba da bashi da ruwa ranar bikinta. Kowa ya sani. Amma wallahi duk sanda aka zo wajen sai ɗaki ya yi tsit, har wanda ke ta surutu tun farko sai ya kama bakinsa. Dalili kuwa an ɗauki kusan awa uku ana gina maka matar nan, bashin da aka ci don bikinta, mijin da dutse ya danne wa hannuwa ya gudu saboda kunya, ambaliya, yunwa, mai bashi yana kwashe amfanin gona duk shekara, to lokacin da ta ɗaga bindigar kai ma ka san abin da ta rasa kafin ta kai nan.

Yaushe ma aka fara fim a duniya?

Ranar da aka fi kafa tarihi da ita ita ce 28 ga Disamba 1895, lokacin da wasu 'yan uwa biyu Faransawa, Auguste da Louis Lumière, suka haska hotuna masu motsi a wani ɗaki a birnin Paris mutane suka biya kuɗi suka kalla. Ba labari ba ne fa, ma'aikata ne ke fitowa daga masana'anta da irin waɗannan, kowane bai kai minti ɗaya ba. Indiya ba ta yi jinkiri ba, a 1913 Dadasaheb Phalke ya fitar da Raja Harishchandra, kuma abin dariyar shi ne bai samu macen da za ta yarda ta fito ba, don haka namiji ne ya ɗaura sari ya fito a matsayin matar sarki. Duk waɗannan bebaye ne, ba magana, sai rubutu a allo da mai kiɗa a gefe. Magana ta shigo da The Jazz Singer a Amurka a 1927, Indiya kuma da Alam Ara a 1931, mai waƙoƙi bakwai. Ka ga tun ranar da fim ɗin Indiya ya buɗe baki, da waƙa ya buɗe.

Me ya sa mutanen cikin fina-finan Charlie Chaplin suke tafiya da sauri kamar an biyo su?

Ba haka suke tafiya ba. Kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, tana ɗaukar hoto wajen 16 zuwa 18 a daƙiƙa, da magana ta zo sai aka tsaida 24 a daƙiƙa, to in ka haska na da a gudun na yanzu dole kowa ya zama kamar mai tsere. Kodayake masu barkwanci ma da gangan sukan rage juyin don abin ya fi ban dariya. In za ka fara kallon Chaplin, fara da City Lights na 1931, ka lura da mintunan ƙarshe.

Ta yaya fim ya zo mana nan Arewa?

Ta ƙofa biyu ya shigo, kuma ba a ɗauke su ɗaya ba. Ta farko majigi, motar gwamnatin Turawa da ke yawo gari-gari ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar sarki ko hakimi bayan magariba, a nuna yadda ake noman auduga da gyaɗa, tsaftar gida, allurar rigakafi, kyauta ba ko kwabo. Dattawa har yanzu suna tuna fim ɗin majigin nan, Baban Larai. Majigi bai sha suka sosai ba tunda da yawun sarauta ya zo, yara da manya kowa na zuwa.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kuɗi, wanda yawanci 'yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan, suka kafa. A Kano Rex ne na farko a 1937, a wajen ganuwa. Shi wannan kam ya sha tsangwama, har dodon bango aka riƙa ce wa abin, malamai suna ganin wajen 'yan iska ne, mace mai mutunci ba ta doso ƙofar. Sai kuma ga gobarar El Duniya a 1951 wadda ta ci rayuka sama da 300, mutane da yawa suka ce ai ga shi nan, fushin Allah ne. Da aka zo gina Palace a cikin birni wajen Jakara ba a daɗe da wannan ba, rigima aka yi ba ƙarama ba. Daga baya dai aka saba, ga Plaza ga Orion ga Queens ga Eldorado ga Wapa ga Marhaba, galibi ba rufi a sama, kana kallo kana ganin taurari, in hadari ya taso kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa. Wanda bai taɓa jin ihun 'yan kallo ba lokacin da fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa, mai injin yana can sama yana ƙoƙarin liƙewa ana ta aika masa da baƙaƙen maganganu, gaskiya an yi ba shi. Yau yawancinsu sun zama shaguna, wasu wajen taro, Palace kuma asibiti ya koma.

Ga na Amurka ga na Ingila, me ya sa na Indiya ne ya shiga ranmu?

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Tun shekarun 1950 Kwarorin nan suka fara shigo da na Indiya, kuma ba fassara, ba rubutun ƙasa da mutane za su iya bi, amma aka fahimta. Yo me za a fassara maka? Yarinya tana son wani, uba ya ce sai ɗan abokinsa mai kuɗi. Uwar miji ta sa wa amarya ido. Wa da ƙani sun rabu tun suna yara, ɗaya ya zama ɗan sanda ɗaya ya zama ɓarawo. Ɗa ya durƙusa gaban mahaifiyarsa yana neman albarka. Mace ta ja mayafi ta rufe fuska in baƙo ya shigo. Maza da doguwar riga da rawani da hula. Duk wannan a unguwarmu ake yi. Sannan kunnenka na tsintar kalmomi, duniya, ishƙ, ƙismat, adalat, wakil, salam, saboda Urdu, yaren da ke gauraye cikin maganar fina-finan nan, ta sha Larabci da Farisanci kamar yadda Hausa ta sha Larabci. Fim ɗin Bature kuwa minti goma da farawa an fara sumbatar juna, ba ka iya kallo da yayanka a gefe, su kuwa Indiyawan da in abin ya zo nan sai kyamara ta koma kan furanni biyu.

Har laƙabi muka raɗa musu kamar 'yan unguwa. Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa bawan Allah Mace aka sa masa. Masu bandiri suka ɗauki karin waƙoƙinsu suka mayar yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, marubutan littattafan soyayya suka ɗauki salon labarin, daga nan kuma abin ya gangaro Kannywood. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, zama ya yi a Kano ya yi rubuce-rubuce a kan wannan alaƙa.

Da gaske Dilip Kumar Musulmi ne?

Ƙwarai. Sunansa Muhammad Yusuf Khan, a Peshawar aka haife shi a 1922, ya rasu a 2021. Madhubala sunanta Mumtaz Jehan, Meena Kumari sunanta Mahjabeen Bano, Nargis ta Mother India kuwa Fatima Rashid. A zamanin kamfanoni ne ke zaɓa wa ɗan wasa sunan da suke ganin zai fi shiga kasuwa. Dilip da Madhubala su ne Salim da Anarkali a Mughal-e-Azam na 1960, fim ɗin da K. Asif ya shafe shekaru sama da goma yana fama da shi, baƙi-da-fari ne in ban da ɗan wani yanki mai kala, sai a 2004 aka sa masa kala gaba ɗaya da kwamfuta aka sake fitarwa. Ni dai na asalin na fi so, kalar nan ta sa fuskar Madhubala ta zama kamar hoton kalanda. Ita kuma ta rasu a 1969 tana da shekara 36 kacal, ciwon zuciya.

Su jaruman ne ke rera waƙoƙin da bakinsu?

A'a, motsa baki kawai suke. Akwai mawaƙan bayan fage, su ake ɗauka a situdiyo tukuna sannan a kunna a lokeshin jarumi ya bi. Muryar da kake ji kana cewa ta Shammi Kapoor ce ko ta Dharmendra, sau da yawa Mohammed Rafi ne, ya rasu 1980. Ta Raj Kapoor Mukesh ne, ta Rajesh Khanna yawanci Kishore Kumar. Matan kuwa kusan duk Lata Mangeshkar ce da ƙanwarta Asha Bhosle, shi ya sa za ka ga jaruma ta canza, shekaru sun canza, amma murya tana nan. Kannywood ma haka take yi, ba wani sabon abu ba ne.

Sholay ya kai yadda ake zuzuta shi, ko dai tsofaffi ne ke cika baki?

Ya kai, har ya wuce. An fitar da shi 15 ga Agusta 1975, Ramesh Sippy ne darakta, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, kuma a makonnin farko har an fara cewa ya faɗi, sai ga shi ya shekara biyar ana nuna shi a gidan silima ɗaya a Bombay, Minerva. Abin da ya riƙe fim ɗin ba Amitabh ba ne ba Dharmendra ba ne, bos ne, Gabbar Singh, wanda Amjad Khan ya fito a lokacin ba wanda ya san shi sosai. Kafin shi bos ɗin Indiya galibi kwat yake sawa ya zauna a falo yana shan sigari, shi wannan ya zo da haƙora masu datti da kakin soja yana jan bel a kan dutse, yana dariya kafin ya yi kisa. Ka lura da yadda ake jinkirta nuna fuskarsa, ƙafafunsa ake fara nuna maka da ƙarar takunsa. Wannan aikin darakta ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne ƙarshen. Asali Thakur, wanda Gabbar ya kashe wa iyali ya kuma sare masa hannuwa, shi ne ke kashe shi, amma hukumar tace fina-finai ta ƙi, lokacin ana cikin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, aka tilasta musu su sake ɗauka 'yan sanda su zo su kama shi. Kana kallo za ka ji wajen ya yi sanyi, kamar an dafa miya an manta gishiri a ƙarshe.

An ce shi ma Sholay ɗin wankiya ne, to me ya sa ake zagin 'yan Kannywood in sun wanki na Indiya?

Akwai ƙamshin gaskiya. Labarin ƙauyen da ya ɗauko mayaƙa haya su kare shi daga 'yan fashi, Akira Kurosawa na Japan ya yi shi a Seven Samurai a 1954, Amurkawa suka mayar da shi kaboyi a The Magnificent Seven a 1960, sannan salon ɗaukar duwatsu da shirun nan kafin harbi na Sergio Leone ne ɗan Italiya. Kowa na ɗauka a wajen wani. Bambancin shi ne me ka yi da abin da ka ɗauko. Su masu Sholay sun kawo bazawara mai farin sari da ba ta magana, sun kawo limamin ƙauye makaho da aka aiko masa gawar ɗansa a kan doki, sun kawo mai keken doki sarkin surutu, abin ya zama nasu. In kai kuma ka ɗauko fim fitowa bayan fitowa, har inda jaruma ta juya ta kalli taga, ka canza suna kawai daga Pooja zuwa Fati, to wannan ba aro ba ne, kwafe ne irin na ɗalibin da ya kwafi har sunan mai takardar.

Awa uku ya yi min yawa, in riƙa tsallake waƙoƙin?

A fina-finan 1980 zuwa sama tsallake abinka, da yawa an cusa su ne don a sayar da kaset. Amma a na Guru Dutt, kamar Pyaasa na 1957, in ka tsallake waƙa ka tsallake labarin, don a cikinta ake faɗin abin da ba a iya faɗa da baki. Ka raba shi biyu, dama da hutun rabin lokaci aka gina su.

Ban da Indiya fa, me ake kallo a da?

Canis da kaboyi mana. Yaran da suka karya hannu a lungu suna kwaikwayon Bruce Lee ba su ƙirguwa, shi kuwa ya mutu a Yulin 1973 yana da shekara 32, kafin ma a fitar da Enter the Dragon. Kaboyin da aka fi so irin su The Good, the Bad and the Ugly na 1966, mutane da yawa ba su san ba a Amurka aka ɗauka ba, Italiyawa ne suka yi a busasshiyar ƙasar Sifen. Sai kuma biyu da suke da matsayi na daban a gidajenmu, The Message na 1976 wanda aka fi sani da Arrisala, da Lion of the Desert na Umar Mukhtar, dattijon Libiya da ya yaƙi Italiyawa har suka rataye shi a 1931. Dukansu Moustapha Akkad ne ya yi, mutumin Halab ta Siriya, kuma Anthony Quinn ne ya fito a Sayyidina Hamza a na farko, ya fito a Umar Mukhtar a na biyu. Arrisala sau biyu aka ɗauke shi a lokaci guda, na Turanci da na Larabci da 'yan wasa daban-daban, kuma ba a nuna Annabi ba, ba a sa muryarsa ba.

Mu fa, muna da namu tsofaffin masu daraja?

Muna da su, sai dai ba mu riƙe su da kyau ba. Shaihu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya yi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa aka yi shi a kan fim na gaske irin na silima. Akwai Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa. A Nijar kuwa sun riga mu nisa, Oumarou Ganda ya yi Cabascabo kan tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Faransa a Indocin, wato yankin Biyetnam, kuma shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu a 1972, ga kuma Moustapha Alassane da tun shekarun 1960 yake yin katun. Na bidiyo kuma daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ake fara lissafi, sunan Kannywood ma sai ƙarshen shekarun 1990 ya fito a mujallar Tauraruwa. In ka kalli na farkon nan kar ka tsaya kan sauti mai shuu ko hoto mai rawa, da kyamarar ɗaukar biki aka yi su, ka saurari Hausar da ake yi a ciki, ka kalli gidajen da kayan jikin mutane.

In kalli mai fassarar Hausa ko na asali?

Don nishaɗi mai fassara ba laifi, wani lokacin ma mai fassarar ya fi fim ɗin ban dariya. Amma in sharhi za ka yi, nemi na asali mai rubutu a ƙasa, don rabin wasan Dilip Kumar ko Sanjeev Kumar a murya yake, yadda yake sassauta ta har sai ka matso. In aka ɗora wata murya a kai an yanke maka rabin mutumin.

Kai yaya kake yi in za ka yi sharhin tsohon fim?

Sau biyu nake kallo. Na farko ina zaune kamar kowa da gyaɗata, ba biro ba takarda. Na biyu ne nake tambaya, a wace shekara aka yi, me ke faruwa a ƙasar lokacin, da wane kayan aiki. Ba adalci ba ne ka yi wa fim ɗin 1955 dariya don jinin ya yi kama da jan fenti. Amma kuma ba na yafe masa abin da ba ruwansa da kayan aiki, in labari ya yi rami rami ne, in jarumi ya yi ta bin yarinya tana cewa a'a har aka nuna kamar hakan soyayya ce, zan faɗa ko da Raj Kapoor ne. Sannan ba na ba da labarin fim daga farko har ƙarshe in kira shi sharhi, wannan aikin yaran da ne da suke dawowa daga silima su tara mu a dakali su maimaita mana har da ƙarar naushi.

Me ya sa wasu fina-finan ba a samunsu ko'ina, ko a YouTube?

Saboda babu su, sun ɓace. Fim ɗin da ake amfani da shi kafin shekarun 1950 wani sinadari ne mai kama wuta kamar fetur, in ya daɗe kuma ya narke ya zama gari, wasu kamfanonin ma da kansu suka riƙa narkar da tsofaffin don su cire azurfar jiki. A Amurka kanta kusan kashi 70 cikin 100 na fina-finan bebaye sun tafi. Alam Ara da na ambata a sama, fim mai magana na farko a Indiya, ko kwafi ɗaya ba a samu ba, sai hotuna. Indiya ta kafa ma'ajiyar fina-finai a Pune a 1964, wani mutum P. K. Nair ya ƙarar da rayuwarsa yana bin gidaje da rumbuna yana tsinto gwangwanayen fim, da ba don shi ba da asarar ta fi haka.

Namu ya fi ban tsoro, don kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da damina, tef ɗin yana yin fumfuna ya manne. Ni kaina ina da kwali guda na fina-finan Hausa na farko-farko da na gada a wajen yayana, na kai wa wani mai shago ya juye min a kwamfuta, na koma bayan wata biyu na tarar ya tashi, maƙwabcinsa ya ce ai kwalin da ya bari yara sun zare tef ɗin sun yi wasa da shi. Guda huɗu ne suka tsira, su ma don na manta su ne a ƙarƙashin gado. In kana da irinsu a gida, ka ɗaga su daga ƙasa, ka nisanta su da rana da lasifika, kuma in za ka kai juyi ka riƙa kai biyu-biyu kana zaune a wajen har a gama.